Kuɗin da aka ware daban, wanda aka saki daban

Idan matashi ya gama karatun tattalin arziki a Jami'ar Ghana da ke Legon ya dawo Nima, unguwarsu a Accra, da niyyar yi wa unguwa fafutuka, mai horar da shi ya fara zaunar da shi gaban kasafin kuɗin majalisar gundumar Ayawaso ta Gabas, da biro a hannu. Kowane aiki a ciki, kwata ne ko ajin makaranta, yana da abin da aka ware masa, da abin da aka saki, da abin da aka kashe. Mun ga yadda yaran namu ke tafiya gidan rediyo da lambar farko kaɗai, jami'i ya fito da ta biyu, magana ta mutu a nan.

Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce a zuba aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a asusun bai ɗaya na gundumomi, a biya duk wata uku. Sau da yawa kuɗin kan makara. To idan aikin gina kwata ya tsaya rabi, a fara binciko ko kason ya iso gunduma. In bai iso ba, ƙorafi na Ma'aikatar Kuɗi ne da ɗan majalisar dokoki, kuma duk ihun da aka yi wa ɗan majalisar unguwa ya tafi a banza. Wannan kuskuren na ɓata zumunci a Zango, abin da ciwo.

Sai tsadar kaya. A Disamba 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 54.1. Aikin da aka ƙara wa kuɗi daga sidi 100 zuwa 120 a irin wannan shekara, raba 120 da 1.541, za ka samu kusan sidi 78. An ce an ƙara, alhali an rage. Malami ya bar ɗalibin ya yi lissafin da kansa, ko da zai ɓata sau biyu, sannan ya tura shi kasuwar Nima ya bayyana wa iyaye mata da farashin olonka (gwangwanin awo) ɗaya na masara. In Hajiya ba ta gane ba, ba a gama aiki ba.

Takardar da aka hana, dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba da hanya. A rubuta wa jami'in bayanai na ofishin, a ambaci sunan aikin da shekararsa, a karɓi shaidar an miƙa. Kwana 14 gare shi ya amsa. Wanda ya rubuta "ku ba mu duk bayanan kuɗinku" shi ya ba su ƙofar kaucewa.

Ministan Kuɗi kan kai kasafin ƙasa majalisa a watan Nuwamba, gundumomi kuwa sun shirya nasu tun kafin nan. Saboda haka takardar buƙata, shafi ɗaya da lambobin nan uku (abin da aka ware, aka saki, aka kashe) da sa hannun shugabannin unguwa, ta shiga tun Yuli ko Agusta.