Burodi mai cikin ganye da cukun feta: abin da na koya a Atina

Tun da muka tare a unguwar Kifseli a birnin Atina na ƙasar Girka, ba abin da ke tsayar da ni a hanya kamar ƙamshin gidajen burodi da sassafe. Kowace unguwa da nata, furnos suke ce masa. A nan na fara cin spanakopita, wato alayyahu da cuku a naɗe cikin wani kwaɓi siriri kamar takarda da suke kira filo. Yarana sun so shi ƙwarai, sai dai filo ba ya jure jakar makaranta, kafin tara ta yi ya zama gari. Shi ya sa na yanke shawarar in ɗauki wannan haɗin na Girkawa in cusa shi cikin kwaɓin burodi mai yis, in yi shi ƙanana daidai tafin hannun yaro.

Kwaɓin bai ba ni tsoro ba, don wadda ta saba da fanke da cincin ba baƙuwar fulawa ba ce. Na auna fulawa giram 500, busasshen yis giram 7, sukari ƙaramin cokali ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, man zaitun babban cokali uku, da ruwa mai ɗumi mililita 300. Ɗumin ya zama wanda za ki iya barin yatsa a ciki, domin ruwa in ya kai digiri 60 kashe yis yake yi. Na murza na minti goma har ya daina kama hannu, na rufe da kyalle, cikin awa ɗaya ya ninka. Har nan lafiya lau.

A wajen haɗin ciki ne na yi ɓarna. Na yanka alayyahu na ɗan soya shi da albasa, na zuba ɗanyen tumatir da ɗanyen tattasai, na barbaɗa gishiri da dunƙulen ɗanɗano yadda hannuna ya saba in ina miya, sannan na marmasa feta a kai, na watsa zaitun. Ko hucewa ban bari ya yi ba na hau naɗi. Da na buɗe oben, rabinsu sun fashe ta gefe, koren ruwa ya malale a faranti yana tafasa. Waɗanda ba su fashe ba, samansu ya yi ja mai kyau, amma ƙasan ya yi caɓal kamar tuwon da bai nuna ba. Ga gishiri ya yi ɗau. Guda goma sha biyu na gasa, ko uku ba a ci ba. Abin ya yi mini ciwo, ba don kuɗin cukun kaɗai ba, har da yaran da suka zauna jira tun la'asar.

Akwai wata tsohuwa a benen da ke ƙarƙashinmu. Girkawa yiyaya suke ce wa kaka, kalmar na kama da yaya tamu, shi ya sa ta zauna mini a baki tun ranar farko. Washegari na sauka da guda ɗaya a faranti na nuna mata. Ta ɓare shi biyu, ta danna ƙasan da babban yatsa, ruwa ya fito. Ta ce, “’Yata, ba wuta ce ta ci amanarki ba, ruwa ne. Ranar kasuwa ki sayo ganye ki zo mini da shi.”

A Atina kowace unguwa tana da ranar da ake rufe titi guda a baje kayan gona, laiki suke kiran wannan kasuwa. Na sayo alayyahu rabin kilo, albasa mai lawashi, jan tattasai dogo irin na Florina mai zaƙi ba yaji, da baƙin yalo babba guda ɗaya. Ta sa na ƙaro wani ganye mai siraran gashi da ƙamshi mai ratsa hanci, anitos a bakinsu, wanda spanakopita ba ta cika sai da shi.

Abin da ta yi da alayyahun ban taɓa gani ba. Ko kusa da wuta ba ta kai shi ba. Ta wanke, ta yanka, ta zuba a babbar roba, ta barbaɗa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, sannan ta sa hannu biyu tana cuɗa shi kamar mai wankin tsumma. Ganyen da ya cika roba taf ya dinga komawa, yana yin duhu, har ya zama ɗan tuli. Bayan minti goma ta riƙa ɗiba tana dunƙulawa a tafin hannu tana matsewa, koren ruwa na zirara ta tsakanin yatsunta zuwa cikin kwano. Rabin kilo guda ya dawo dunƙule uku, kowane bai fi lemon zaƙi ba, kwanon kuwa ya kusa cika. Ta tura mini shi gabana ta ce, “Wannan ne ya shiga burodinki rannan.” Alayyahu fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, kuma in ba a fitar da shi a roba ba, a cikin kwaɓi zai fita, tururinsa ya nemi hanya ya fasa ɗinkin.

Yalon da tattasan mun yanka ƙanana, muka shafa musu man zaitun, muka gasa a oben kusan minti 25 har gefensu ya fara baƙi. Gashin yana ƙone ruwan, ya kuma fito da zaƙinsu. Ɗanyen tumatir kuwa ta ce in bar shi wa salak. In lallai ina son ɗanɗanonsa, in sa busasshe kaɗan. Nan na tuna da kauɗar tumatir ta gida, wadda muke jiƙawa mu yi miya da rani.

Sai batun gishiri. Feta cuku ne na madarar tumaki, wani lokaci a haɗa da ta awaki da ba ta wuce kashi 30 cikin ɗari ba, kuma a cikin ruwan gishiri yake kwana aƙalla wata biyu kafin a sayar. Tun shekarar 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga wanda aka yi a wasu yankunan Girka kaɗai, shi ya sa za ki ga wani farin cuku mai kama da shi na madarar shanu, amma ba a rubuta feta a jikinsa ba. Na gwada shi daga baya don ya fi araha. Ba shi da ɗan tsamin nan mai kama harshe, kuma bai gamsar da ni ba. Zaitun ɗin Kalamata ma, baƙin nan mai tsini, a ruwan gishiri yake zaune. Ashe ni gishiri huɗu na tara a wuri guda: na cuku, na zaitun, na dunƙule, da wanda na barbaɗa. Yanzu ban da wanda ke cikin kwaɓi da wanda aka cuɗa ganye da shi, ba na ƙara ko ƙwaya. Masoro da busasshen rigani, wato ganyen ƙamshin da suke barbaɗawa a kan salak da gasasshen nama, sun wadatar.

Muka haɗa ganyen da gasassun kayan, lawashi, anitos, zaitun goma da aka cire wa ƙwallo, feta giram 200, da ƙwai ɗaya don ya riƙe su. Feta ba a niƙe shi, marmasawa ake yi manya-manya, don ba ya narkewa ya yi yauƙi, laushi kawai yake yi, kuma daɗin abin shi ne haƙori ya ci karo da gutsure fari a tsakiyar kore. A ƙarshe ta ɗebo babban cokali biyu na tarahana, wani busasshen tsaki na alkama da madara mai tsami, ta zuba. Aikinsa ya shanye ɗan ruwan da ya rage. In babu shi, samolina ko garin busasshen burodi na yin aikin.

Na raba kwaɓin gida goma sha biyu, kowane kusan giram 70. Dabarar faɗaɗawa ita ce a bar tsakiya da kauri a sirantar da baki, domin bakin ne za a tattaro ya taru wuri ɗaya. Cokali biyu na haɗi ya isa, kuma sai ya huce sarai, don zafi na sa kwaɓi ya saki tun kafin a rufe. Kada mai ya taɓa bakin, in ya taɓa ba zai manne ba ko an matse da ƙarfi. Na tsuke kowane kamar bakin jaka, na kifa ɗinkin ƙasa, na bar su minti 30 suka sake tashi. Na shafa ƙwai, na barbaɗa riɗi, na ɗan tsaga saman kowane da tsinin wuƙa don tururi ya sami mafita. Digiri 190, minti 22 a nawa oben ɗin. Da sun fito a ɗauke su daga faranti a ɗora kan raga, in ba haka ba gumin ƙasa zai mayar da aikin baya.

Da na je gida hutu na yi wa su Hajiya. Alayyahunmu ya fi nasu tauri, sai da na tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya kafin in matse. Cukun Nijar busasshe ne, bai dace da nan ba, don haka na sayi ɗanyen cuku mai laushi wajen Fulani, na jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan gishiri da ɗan lemon tsami. Bai zama feta ba, amma ya zauna a burodin da kyau, Hajiya ma cewa ta yi a ƙara attaruhu.

Ranar da na fara yi ni kaɗai ba tare da tsohuwar ba, na kai mata huɗu da zafinsu a cikin kyalle. Ba ta fara ci ba sai da ta juya ɗaya ta ƙwanƙwasa ƙasansa da yatsa, ta ji ya yi ƙara. Ta ɓare, tururi ya tashi da ƙamshin anitos, cikin ya tsaya cak bai zubo ba. Ta ce in zauna, ta ɗora mana kofi a ’yar ƙaramar tukunyarta mai dogon hannu.