Sakamakon jarrabawa a akwatin spam

Shugaban wata makaranta da nake kula mata da shafin intanet ya kira ni ransa a ɓace. Iyayen yara suna ta ƙorafi cewa ba su ga sakamakon 'ya'yansu ba, alhali an tura ta imel. Wani mahaifi ya ba ni dama na shiga Gmail ɗinsa a kwamfuta, sai ga saƙon kwance a spam, tsakanin tallar caca da wasiƙun 'yan damfara. Na danna "Show original", inda Gmail ke nuna sakamakon binciken da ya yi wa saƙo don tantance mai aikawa. SPF ya faɗi, DMARC ya faɗi, DKIM kuwa babu shi sam.

Makarantar ta sayi manhajar fitar da sakamako a wajen wani kamfani. Saƙon daga sabar kamfanin (kwamfutar da ke aika saƙonni) yake tashi, amma da adireshin makaranta a goshinsa. Shi SPF jeri ne da ake rubutawa a DNS (kundin bayanan adireshin intanet), na sabobin da mai adireshi ya yarda su aika saƙo da sunansa, kuma babu wanda ya saka sabar kamfanin a ciki. DKIM kamar hatimi ne da mai karɓa zai iya tantancewa. DMARC shi ke faɗa wa Gmail abin da zai yi idan waɗannan suka gaza: ya ƙyale, ya killace, ko ya ƙi karɓa. Na makarantar an saita shi a kan killacewa, wato a jefa saƙon a spam. To me Gmail zai yi? Abin da aka ce masa ya yi.

Ni ban ga laifin Google ba. Tun Fabrairun 2024 ita da Yahoo suka tsaurara: duk mai aikawa sai da SPF ko DKIM, wanda ke tura saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail kuwa sai da duka biyun da DMARC. Abin da ke ci min rai shi ne masu haɗa shafi da ke karɓar kuɗi su bar wannan aikin rabi, ranar da ta ɓaci kuma iyaye su zargi malamai.

Na ƙara sabar a cikin layin SPF ɗin da ke nan, domin layi biyu a adireshi ɗaya lalata juna suke. Na nemi kamfanin ya kunna DKIM da sunan makarantar, na saka mabuɗin tantance hatimin a DNS, sannan muka sake tura sakamakon aji-aji.