Tsohon soja ya wuce kujerar gadi

Masu kamfanoni da shaguna a Kaduna, ina da magana da ku. Garin da ke da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da hedikwatar Runduna ta Ɗaya da Asibitin Sojoji na 44, ga barikin Jaji nan kusa, bai kamata a ce duk tsohon sojan da ya zo neman aiki sai a miƙa masa tocila da kujerar bakin ƙofa ba.

A wurin aikinmu a Kakuri akwai wani dattijo, Baba Saje muke ce masa. Ya daɗe yana gadi. Ranar da janareto ya ƙi tashi, ya naɗe hannun riga, ya kasa kunne, ya ce, "Ranka ya daɗe, famfon mai ne." Haka kuwa aka tarar. Ashe makanikin manyan motoci ne a soja, har ya yi kwas a cibiyar koyar da sana'a ta sojoji da ke Oshodi a Legas kafin ritaya, babu wanda ya taɓa tambayarsa. Yanzu garejinmu na hannunsa, albashi ya ƙaru.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne, ranar tantance 'yan fansho ko ranar asibiti ba a yanke masa ko kwabo. Akwai kuma matar wani soja da aka tura Borno, an yarda ta tashi ƙarfe 2 ta ɗauko yara, tunda ita ce uwa ita ce uba har Allah ya dawo da shi lafiya.

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da sojojin da suka rasu, madalla. Amma mai gurbin direba ko mai kula da sito ya yi min magana, akwai tsofaffin sojoji irinsu Baba Saje zaune a Kawo da Mando babu aikin yi.