Asabar a Zoo Road, an ba Baba tela notis

Yau Asabar babu aiki, shi ne nace bari in leƙa unguwar Hausawa a nan Kano in gaida Hajiya, in kuma kai shaddata ɗinki tunda bikin ƙanwar matata ya matso. Adaidaita ta sauke ni tun wajen gadar Dangi saboda cunkoso, sai na taka da ƙafa, kuma wallahi sai mutum ya taka Zoo Road da ƙafa yake ganin abun da ya faru da titin nan, a mota gilmawa kawai kake yi.

Wajen da mai facin nan yake zama da kwampiresonsa da tsohon bahon ruwa da yake tsoma tayoyi yanzu an shimfiɗa intalok an kafa sarƙa, wurin fakin ne na wata filaza mai hawa uku. Ƙasa shagon shawarma da ayis kirim, kusa da shi masu turare da abaya, sama kuma gilashi ne baƙi da lambar waya an liƙa ana neman mai haya. Gaba kaɗan inda muke sayen kaset muna yara, daga baya ya koma sidi, daga baya ya koma wajen tura finafinai a waya, yau kayan jarirai 'yan Turkiyya ake sayarwa a wurin. Mai shayin kwanar yana nan amma an matsar da teburinsa can cikin lungu bakin kwata, yace masu ginin sunce benci da hayaƙi suna ɓata musu gaban shago.

Ni fa ba ƙin gyara nake ba. Titin ya fi da haske, mata suna samun abun da suke so ba sai sun shiga kasuwar Kwari ko ta Sabon Gari ba, yara matasa da yawa sun samu aikin tsaron shago. Amma duk wanda ya tashi a nan yasan su waye suka raya wurin. Tun da aka yi Gidan Zoo zamanin Audu Bako a farkon shekarun 1970 unguwannin nan suke cika, Hausawa da Gandun Albasa da Tukuntawa har Sheka, kuma masu ƙananan sana'a ne suka fara buɗe ƙofa a jikin gidaje suna mayar da zaure ko ɗakin waje shago. Daga baya 'yan fim suka cika benayen da ofisoshi, titin ya yi suna har Nijar da Ghana. Da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014 sai kowa mai kuɗi ya gane cewa filin bakin titin nan zinare ne.

Na iske Baba tela a kan kekensa Butterfly ɗin nan baƙi da fentin jikinsa ya goge daidai inda yake dafa hannu, tef a wuya, alli a bayan kunne, rediyo na yi ƙasa-ƙasa. Shi ya ɗinka min kayan sallah tun ina firamare, awona ma baya sake ɗauka, kallona kawai yake yace ciki ya ƙaru a ƙara inci ɗaya. Muna gaisawa ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin littafin awo ya miƙo min, notis ne, wata uku ya tashi. Mai gidan ya rasu bara, magada sun sayar, wanda ya saya zai rushe ya yi filaza.

Nace Baba to ba za su baka shago a sabon ginin ba? Yayi murmushi yace ɗana ai an faɗa min kuɗin, ya ninka abun da nake biya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma na shekara biyu suke so a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin janareta da mai gadi duk wata, riga nawa zan ɗinka? Yace ya je ya duba wani shago can Sabuwar Gandu, da sauƙi, amma kwastomominsa tsofaffin unguwa ne, wa zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa don a rage masa wando tunda aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi. Yaransa biyu masu koyon aiki suna ji suna ta guga ba su ce komai ba, ɗayan maraya ne, a shagon yake kwana.

Abun da ya fi tsaya min a rai littafin nan ne. Bayan awo, a can baya akwai shafukan bashi, wane saura kaza, gidan wane kayan yara uku za a biya bayan albashi, wasu an soke wasu tun bara ba a soke ba. Haka mai kantin layinmu yake yi da omo da sukari, haka mai kemis yake yi. Rabin unguwar nan da wannan littafin take kai ƙarshen wata. A sabbin shagunan kuwa yarinyar da ke kan kanta ba ta da ikon ɗaga maka ko naira hamsin, ba laifinta bane, mai shagon yana Abuja ko Dubai yana duba lissafi ta waya, ka tura kuɗi ko ka sa kati ka wuce. Kuma bakin shagon Baba majalisa ce, nan ake jin wa ya kwanta asibiti, wa za a yi wa karo-karo, wa ke neman aiki. In aka rushe ban san inda dattawan nan za su zauna bayan la'asar ba.

Wani abun da yake ɗaure min kai shi ne su waye za su yi cinikin da zai riƙe duk waɗannan filazozin. Shoprite ma da girmanta ta rufe reshenta na Kano a watan Janairun 2024. Yau da idona na ga benaye da dama a kulle, shago ya buɗe da fulawoyi da balan-balan wata shida ka dawo ka ga an canza allo. Duk da haka haya ba ta sauka, saboda mai ginin ba ciniki ya dame shi ba, kuɗinsa ya adana a siminti don kar naira ta cinye su, ko shagon ya zauna a rufe shi bai yi asara ba. Ga kuma 'yan kasuwar da rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a 2023 ya tasa daga Filin Idi da sauran wurare, su ma sun bazu neman shago, masu gida suka samu abun da suke so.

Na bar masa shaddar, na biya duka ban jira sai ya gama ba, na wuce gida.

A gida kuma na tarar da irin maganar tana jirana. Ina cin dambun da Hajiya ta ajiye min take gaya min dillalai sun sake zuwa ranar Laraba, wannan karon har da wani mai mota ya tsaya yana auna faɗin ƙofar gidanmu da ido. Mu ba a bakin titi muke ba, layi na biyu ne, amma yanzu cikin layukan suke shigowa tunda bakin ya ƙare. Maƙwabtanmu na dama sun sayar sun koma Danbare, na kallonmu sun koma Panshekara, gidan da ake karatun allo da yamma yanzu ɗakunan haya ne masu tayil na ma'aikatan banki.

Yaya yana so a sayar, kuma na fahimce shi, yana da 'ya'ya bakwai yana haya, rabonsa zai saya masa fili ya fara gini. Mu tara ne, in aka fitar wa Hajiya tumuninta aka raba sauran namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, 'yan'uwana mata abun da za su samu ba zai sayi ko ɗaki a kusa da nan ba. Ta haka gidajen unguwar suke tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kore mu da sanda, gado ne da matsi da mai kuɗi a bakin ƙofa. Hajiya tace ita dai a barta ta ƙarasa kwananta inda aka kawo ta amarya, inda in ta yi tari maƙwabciya za ta leƙo ta katanga.

Na kira Yaya bayan magariba nace masa ni ban yarda a sayar ba muddin Hajiya tana raye, kuma in matsalar haya ce in sha Allah ni da ƙaninmu za mu riƙa haɗa masa wani abu duk shekara. Bai ji daɗi ba, yace maganar ba ta waya ba ce. Mun tsayar da ranar Juma'a bayan masallaci kowa ya zo, har da Kawu da zai zauna a tsakani, matan ma an ce kowacce ta zo da kanta kar ta aiko miji.