Laraba a Istanbul: jirgin da aljihu zai iya riƙewa

Tun bayan sallar asuba ban koma barci ba. Jibi za mu miƙa aikin da malaminmu na zanen jiragen ruwa ya ba mu: ƙasa ce mai bakin teku, kuɗinta kaɗan, tana son jirgin yaƙi mai ɗaukar jiragen sama. Wane iri za ka ba ta shawara? Na dafa shayi, na baje takardu a kan darduma.

Da Barazil na fara, kuma ita ta cinye min safiya. A 2000 ta sayi tsohon jirgin Faransa, Foch, kan dala miliyan 12 kacal, ta sa masa suna São Paulo. Irin mai majaujawar tururi ne, wadda ke cilla jirgin sama daga kan bene, da igiyoyin ƙarfe masu cafke shi in ya sauka. Da wannan tsarin jirgi yana tashi da cikakken mai da makamai, amma tukunyar tururi da bututunta ba sa yafe sakaci. Mafi yawan shekarunsa a wurin gyara ya yi su. A 2022 aka jawo shi zuwa nan Turkiyya don a yanka ƙarfensa, hukuma ta hana shi shigowa saboda gubar asbestos, aka juya da shi. A Fabrairun 2023 Barazil ta nutsar da shi a Tekun Atlantika. Da na kai nan sai na ajiye biro, abin ya taɓa ni.

Tailan kuwa sabo ta saya. Sifen ta ƙera mata Chakri Naruebet, ƙarami, tan dubu 11 da ɗoriya, babu majaujawa, hancinsa ne aka ɗaga kamar tudu don jirgi ya samu tashi. Ya fara aiki a 1997, shekarar da tattalin arziƙin Asiya ya durƙushe. Jiragen yaƙin sama na hannu samfurin Harrier da aka haɗo shi da su suka rasa kayan gyara, zuwa 2006 an ajiye su duka. Masu saukar ungulu kaɗai suka rage masa.

Da azahar Baba ya kira. Na ba shi labarin abin da nake yi, ya ce, "Ai kamar doki ne. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, harawa da dusa kuwa kullum." Na ce, "Wallahi Baba, ka rubuta min rabin aikin."

Bayan la'asar na hau jirgin fito zuwa Eminönü don kaina ya huce. Da muka zo daidai gaɓar Sarayburnu na tuna azumin 2023, lokacin da aka tsayar da TCG Anadolu, babban jirgin ruwan yaƙin Turkiyya, a wurin, mutane sun yi dogon layi, jiragen fito a gefensa kamar 'yan tsaki. Mita 231 ne tsawonsa, an gina shi a Tuzla bisa zanen wani jirgin ruwan Sifen mai suna Juan Carlos I. Shi ma ya gamu da tasa ƙaddarar, don jirgin yaƙin sama na Amurka F-35B aka yi masa fata, sai Amurka ta cire Turkiyya daga shirin jirgin a 2019 kan sayen makaman kakkaɓo jiragen sama na Rasha, S-400. Amma bai zama kango ba. Cikinsa na ɗaukar sojoji da tankoki da ƙananan jiragen kai su gaɓa, akwai asibiti, sannan a Nuwamban 2024 jirgi marar matuƙi Bayraktar TB3 ya tashi daga kansa ya sauka.

Shi zan zaɓa. Na san abokin karatuna zai ce ba ya da gudu, kuma ba zai iya karawa da manyan na Amurka ba. Gaskiya ne. Sai dai ƙasar da ke cikin tambayar ba wannan karon ne a gabanta ba. Ambaliya, kwashe 'yan ƙasa daga inda rikici ya ɓarke, da sintirin gaɓa su ne nata.

Na rubuta shafi huɗu bayan isha'i. Saura lissafin ma'aikata da man shekara, gobe da safe in Allah ya kai mu.