Fayilolin da ba a kan had dis suke zaune ba

Wata laftof tokumbo ce ta jawo ni cikin wannan harka. Wani ɗan uwanmu mai harkar albasa a Mile 12 ya kawo ta shagonmu a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas, ta ɗansa ce da ke karatun kwamfuta, yaron ya sa mata Linux ta yi ta aiki lafiya, daga baya da ya zo sake saka wani sabo sai ta ƙi, duk sanda aka zo wajen rubuta bayanin tashi sai ta tsaya ta ce No space left on device, wato babu sauran fili. Na duba had dis, fili ya fi rabi. Na sake dubawa, haka dai. Oga yana gefe yana cire sikirin ɗin wata, ko ɗagowa bai yi ba ya ce min, "Kai ɗan Malam, kar ka ƙarar da yini a kanta, ɗaga ayisin bayos ka yi mata filashin kawai mu sallami Alhaji." Nufinsa in cire ƙaramin guntun da ke riƙe da manhajar tashin kwamfutar in sake rubuta masa ita. A ɓangaren kasuwa gaskiyarsa ne, da na bi haka kafin la'asar an gama. Amma abin ya tsaya min a rai, wane fili ne ya cika tunda ba na had dis ba ne?

Na roƙe shi ya bar min ita zuwa gobe, na tafi da ita gida Agege. Bayan isha'i na shiga /sys/firmware/efi/efivars, sai ga fayiloli jere masu suna dump-type0 da wasu lambobi, sun yi yawa sosai. Ashe duk sanda kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ya faɗi yana rubuta wasiyyarsa ta ƙarshe a can, ta wata hanya da ake kira pstore, don in an tashi a ga me ya kashe shi, kuma kwamfutar yaron ta sha faɗuwa ba wanda ya share. Na goge su, na kashe na kunna, efibootmgr, mai rubuta bayanin tashi, ya rubuta abinsa ba gardama. Shikenan aikin Alhaji ya ƙare. Ni kuwa tun daga ranar ban bar wannan folda ba.

Abin da ya kama ni shi ne, waɗannan fayilolin ba a kan had dis suke ba sam. A cikin ƙaramin ayisin nan mai ƙafa takwas suke, wanda muke maƙala wa kilif kullum a benci mu karanta da furogirama CH341A, na'urar karanta ayisi da rubuta masa. Famwayar UEFI, wato manhajar da ke fara tashin kwamfuta kafin Linux ko Windows, ta ware wani ɗan yanki a cikinsa tana ajiye saiti: wane faifai za a fara tashi da shi, makullan Secure Boot, tsarin da ke hana kwamfuta tashi da manhajar da ba a amince da ita ba, irin su PK da KEK da db da dbx, da wasu tarkacen da kamfanin da ya ƙera kwamfutar kaɗai ya san ma'anarsu. Kowane ɗaya ana ce masa bariyabul. Kanel ba ya taɓa ayisin da hannunsa, roƙon famwaya yake yi ta wasu ƙofofi da ta bar masa a buɗe bayan an tashi, GetVariable don karantawa, SetVariable don rubutawa ko gogewa, GetNextVariableName don ya bi su ɗaya bayan ɗaya. To efivarfs, wato sashen kanel da ke bayan waccan folda ta efivars, shi ne ya ɗauki waɗannan ƙofofin ya sa musu rigar fayil, yadda za ka yi ls da cat da rm kamar a folda ta yau da kullum kake.

Matthew Garrett ne ya fara rubuta shi, Jeremy Kerr da Matt Fleming suka sa hannu, ya shiga Linux 3.8 a 2013. Kafin nan akwai tsohuwar hanya a /sys/firmware/efi/vars wadda ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce bayit 1024, da Secure Boot ya zo da jerin makullai masu girma sai ta gaza.

Na sauke tushen kanel na buɗe fs/efivarfs, wallahi na yi zaton zan tarar da dutse, sai na ga fayiloli 'yan kaɗan ne, mutum zai iya karance su a dare biyu ko uku in ya natsu. Duk mai son ya fahimci yadda tsarin fayil yake aiki a kanel, ni a nan zan ce ya fara, kar ya tunkari babba irin ext4 na had dis tukuna. Amma ƙanƙantarsa ba ta hana shi ƙananan tarkuna ba. Sunan kowane fayil kashi biyu ne, suna sannan doguwar lambar GUID, misali BootOrder-8be4df61-93ca-11d2-aa0d-00e098032b8c, kuma a ɓangaren suna babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne amma a ɓangaren lambar duk ɗaya ne, sai da aka rubuta wa wannan lissafinsa na musamman. Famwaya tana rubuta suna da tsarin haruffa na UCS-2, Linux yana son na UTF-8, sai an juya. In ma sunan ya zo da alamar / wadda ba ta halatta a sunan fayil, kanel yana mayar da ita alamar motsin rai. Sannan bayit huɗu na farkon kowane fayil ba bayanin ba ne, siffofinsa ne, galibi za ka ga 7, wato ya zauna ko an kashe wuta, a gan shi lokacin tashi, a gan shi kuma bayan an tashi. In za ka rubuta dole siffofin da bayanin su tafi a rubutu ɗaya, ba za ka tura rabi yanzu rabi anjima ba, shi ya sa buɗe irin wannan fayil da edita kamar takardar rubutu ba ya haifar da ɗa mai ido.

Inda na fi daɗewa shi ne tarihin kwamfutocin da suka mutu ta nan, don a nan ne na gane me ya sa lambar take cike da taka-tsantsan.

A farkon 2013 wasu laftof na Samsung suka riƙa mutuwa murus bayan an tashe su da Linux ta UEFI, ba hoto ba komai. Aka fara ɗora laifin kan wani direba na Linux, sai Garrett ya nuna ko daga Windows ma in ka cika ma'ajiyar bariyabul da rubutu haka za ta mutu, wato famwayar ce ba ta iya tashi in wurin ya cika. Amma me za ka ce wa mai kwamfuta? Shi dai ya san ya sa Linux kayansa ya mutu. Sai kanel ya ɗauki nauyin, da farko aka hana shi cin fiye da rabin filin, hakan ya takura wa wasu kwamfutocin da ba su da laifi, daga baya aka dawo ana barin bayit 5120 ko ta halin ƙaƙa. Har yau yana nan a arch/x86/platform/efi/quirks.c, kuma akwai efi_no_storage_paranoia ga wanda ya ce shi ya yarda da famwayarsa a cire masa wannan kariya. Ni dai ba zan sa wa kwamfutar kwastoma wannan ba.

Sai kuma 2016, wani ya so share Linux ɗinsa ya buga umarnin goge komai daga tushe a kan laftof ta MSI, umarnin ya bi folda folda har ya shiga efivars ya share bariyabul ɗin da ke ciki, kwamfutar ba ta sake tashi ba. Aka yi ta ja-in-ja, wasu na cewa systemd, mai shirya abubuwa lokacin da Linux ke tashi, ya daina maƙala foldar da izinin rubutu, wasu na cewa ai efibootmgr da ire-irensa suna bukatar rubutun, kuma a ƙa'ida famwaya ya kamata ta iya tashi ko an share mata komai. Maganin da ya zauna shi ne facin Peter Jones da ya shiga 4.5, duk bariyabul ɗin da kanel bai san shi ba ana kulle shi, ba ka goge shi ko ka canza shi sai ka fara cire kullen da chattr -i da hannunka. Wannan hukuncin ya yi min daidai ƙwarai. Bai hana mai kaya ikon kayansa ba, amma hannu ba zai zame ya yi ɓarna ba.

To yanzu ta ina mutum zai gwada irin wannan abu ba tare da ya kashe kwamfutarsa ba? Ni QEMU, mai kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfutarka, na yi amfani da shi da OVMF, wato famwayar UEFI ta aikin TianoCore da aka gina don kwamfutar cikin kwamfuta. Fayil biyu ne, OVMF_CODE.fd shi ne famwayar, OVMF_VARS.fd shi ne ma'ajiyar bariyabul, sai ka kwafi na biyun ka ba QEMU kwafin, in ka lalata shi ka jefar ka sake kwafo sabo cikin daƙiƙa. Ranar da na fara yi sai na ga ai wannan aikinmu ne na benci sak, ka ɗauki bakof ɗin ayisi kafin ka taɓa, in ta ɓaci ka mayar. Bambancin kawai babu kilif babu dalma.

Gina kanel ɗin ne ya fi ba ni wahala saboda wuta, tsohuwar Core i5 ce da ni, in na ce zan gina da duk direbobi sai a ɗauke wuta batir ya ƙare ban kai ko'ina ba, sai da na koma defconfig, wato saitin gini na asali, na tabbatar CONFIG_EFIVAR_FS a kunne yake sannan abin ya zo da sauƙi. Cikin tushen kanel akwai gwaje-gwajen da aka riga aka rubuta a tools/testing/selftests/efivarfs, suna ƙirƙirar bariyabul, su karanta, su goge, su gwada goge fayil alhali yana buɗe, su gwada sunaye masu kyau da marasa kyau su ga an karɓi na karɓa an ƙi na ƙi. Na karanta efivarfs.sh layi layi kafin na kunna shi, kuma a nan na fi koyon abin da ake tsammani daga tsarin fiye da ko'ina.

Daga nan na fara rubuta nawa. Na farko mai sauƙi ne, in yi ta rubuta bariyabul ɗaya ina canza abin cikinsa sau da yawa ina kallon fili. Fili ya yi ta raguwa alhali abu ɗaya ne tak nake rubutawa. Dalili shi ne irin wannan ayisin ba a rubutu a kan rubutu, sai an share babban yanki gaba ɗaya, don haka famwaya tana yi wa tsohon alamar ya mutu ta rubuta sabon a gaba, sharar tana taruwa sai an sake tashi ake kwashe ta. Nan na gane me ya sa kwamfutar ɗan Alhaji sai da na kashe na kunna sannan ta karɓi rubutu. Akwai ma famwayar da ba ta kwashe sharar sai ta ga wurin ya cika da gaske, shi ya sa kanel yake da dabarar tura mata wani bariyabul na bogi da ya fi filin girma don ta farga. Na biyu kuma Legas ce ta sa ni yin sa. Yawancin tokumbon da ke zuwa mana batirinsu ya gama aiki, a kan caja suke rayuwa, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu fa? Sai na riƙa kashe QEMU da ƙarfi yana cikin rubutu ina sake tashinsa. Duk zagayen da na yi OVMF ya tashi, bariyabul ɗin ko dai tsohon ne ko sabon, ban ga rabi da rabi ba, don an gina shi da tsarin rubutu mai jure katsewa.

Amma a nan ne fa hankalina bai kwanta ba. OVMF famwaya ce mai tarbiyya, tana bin ƙa'ida. Duk kariyar da na lissafa a sama ba don ita aka yi su ba, don famwayar kwamfutocin gaske aka yi, kuma kowace an gano ta ne bayan kayan wani ya mutu ko ya wahala. Ko iyakar da aka sa a 2018 cewa wanda ba rut ba, wato ba mai cikakken iko a kan tsarin ba, kar ya wuce karatu 100 a daƙiƙa, daga injin gaske ta fito, saboda a wasu injina kowane karatu yana tsayar da furosesa gaba ɗaya ta shiga yanayin SMM, inda famwaya ke karɓe iko, ta dawo. Gwajin da ya wuce lafiya a QEMU ya nuna maka lambar kanel ɗinka daidai take, bai gaya maka abin da wata tsohuwar laftof mai famwayar 2013 za ta yi ba in wurin ya cika.

Masu rubuta kanel suna tsoron gwada irin wannan a kan injin gaske kuma suna da hujja, in ta mutu a hannunsu sai dai a mayar wa kamfani. Mu kuwa a Otigba, layinmu a Computer Village, kwamfutar da ta mutu ta wannan hanyar aikin minti talatin ce. Muna da furogirama, muna da kilif, muna da injin iska mai zafi in sai an ɗaga ayisin, kuma babu irin laftof ɗin da ba ta ratsa ta hannunmu, har waɗanda aka daina yi musu sabunta famwaya shekara da shekaru. Abin da suke nema su rasa mu yana jibge a ƙarƙashin tebur, kawai dai yawancinmu mun tsaya a filashin, ba mu taɓa tambayar me ke cikin abin da muke mayarwa ba. Wannan yana damuna sosai, don na san yaran da ke layinmu, Hausawa da Yarbawa da Ibo, masu kaifin kai ne, wanda zai iya bin layin wuta a kan madabod da mita har ya gano kafasita ɗaya da ta ƙone, karanta fayil huɗu na C ba zai gagare shi ba in an zauna da shi.

Na yi wa Oga wannan bayanin ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ɗan Malam, akwai guda uku a sito da masu su suka bari tun bara, sikirin ne ya fashe amma bodin lafiya lau, ɗauki ka yi abinka, amma ka fara karanta ayisin ka ajiye." Na ce in sha Allah Oga. Na riga na karanta kowanne sau biyu na gwada lissafin sha256 ɗinsu, mai nuna ko kwafi biyu daidai suke, ya zo ɗaya, na ajiye a filas biyu daban. Ranar Asabar bayan an rufe shago zan haɗa ta farkon da monita, in cire batir, in fara da gwajin cika fili, ina rubuta sunan famwayar da lambarta da abin da ta yi a kowane mataki.