Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bindiga a Motar Asibiti

Makon jiya na tsaya a kan komawata Maiduguri da aikin tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, amma dole in koma kan maganar Kawu, Allah ya jiƙansa, domin ita ce ta shiga tsakanina da mijin Yaya. Ranar da na karɓi makullin mota Kawu ya ce da ni, "Hannun da ke ɗaure rauni ba ya taɓa kunamar bindiga."

Bayan harin garin Rann da ke jihar Borno na 1 ga Maris 2018, inda aka sace ungozomomi Saifura Khorsa da Hauwa Liman, waɗanda aka kashe daga baya a cikin shekarar, mijin Yaya ya tare ni a taron suna, a gaban surukaina, ya ce ragwanci ne ya hana mu ajiye bindiga a ƙarƙashin kujera. Na yi shiru saboda girman Yaya, amma yau zan ba shi amsa. Sansanin soja aka auka wa a Rann, kuma ko jami'an tsaro masu bindiga da ke wurin ba duka suka tsira ba, balle direba mai ƙaramar bindiga da majinyaci a bayansa.

Mijin Yaya bai taɓa tsayawa a shingen bincike da dare ba, mace tana zubar da jini, ma'aikaciyar jinya ta ɗaga ledar ƙarin ruwa sama da hannu ɗaya. Soja yakan haska tocila, ya ga gado da tukunyar iskar numfashi, ya ce mu wuce, saboda ya yarda babu makami a ciki. Ranar da aka tsinci bindiga a mota ɗaya, kowace motar asibiti sai an zazzage ta, kuma mai naƙuda ce za ta biya wannan jinkirin.

A wajen horo an gaya mana cewa yarjejeniyar Geneva ta 1949 kan dokokin yaƙi ta yarda ma'aikatan lafiya na soja su riƙe ƙaramin makami don kare kansu da majinyatansu. Na ji, amma ni ba soja ba ne, kuma maganar Kawu ta riga ta zauna mini. Ko a 2013, da aka harbe masu allurar shan-inna a Kano, Inna ta yi kuka ta ce in bar aikin, ban bari ba, ban kuma nemi makami ba.

Har yau mijin Yaya bai janye kalmarsa ba. Mako mai zuwa zan kawo labarin hanyar Damboa.